Kwanson harsashi yana maƙalewa a bindigar Glock 19: in canza sifirin ko in kai wa mai gyara?

Mai Lasisi: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar bindiga Glock 19 da na saya ta hannu, takarduna cikakku. In ina atisaye, lokaci-lokaci kwanso ba ya fita duka, sai ya tsaya a ƙofar fita murfin sama ya danne shi. Na wanke ta tas, na gwada magazin daban, abin bai canza ba. In canza sifirin ɗin da ke mayar da murfin gaba da kaina ne, ko in kai wa mai gyara?

Dogo: Wa alaikumus salam. Datti ne, wanke ta kawai.

Mai Lasisi: Malam Dogo, ai na ce na wanke.

Tsohon Kofur: Yaro, kafin ka zargi ƙarfe duba hannunka. Ƙarfin tashin harsashi ne ke tura murfin baya. In wuyan hannu ya saki, bindigar duka take ja da baya, murfin bai kai ƙarshe ba, kwanso ya maƙale. Ka ba wani gwani ita ya harba. In ba ta cije masa ba, to kai ne.

Mai Haƙuri: Ko me za ka yi, kar ka kai wa wanda ba ka sani ba. Tawa ƙaramar matsala gare ta, na kai wa wani da ake ta yabo. Bai tambaye ni ba ya sa magagari ya goge gangaren da harsashi ke hawa, ya taɓa ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Da ta dawo, ko magazin ɗaya ba ta gamawa. Na koma, ya rantse haka na kawo ta. Ƙarfen da aka goge kuwa ba ya dawowa, sai da na sayi sabon bututu.

Dogo: Allah ya mayar da alheri. Amma sifirin araha ne, ya canza kawai. Duk harbi 5,000 ake canzawa.

Mai Haƙuri: Araha a ina? Kuma ni 3,000 na sani.

Injiniya: Ku tsaya. Sifirin da ya gaji yawanci hana murfi rufewa sosai yake yi. Maƙalewar kwanso ta fi zuwa daga harsashi mai rauni, riƙo, ko ƙugiya da ta cinye. Sannan wane zubi ce, wato ƙirar wane zamani? Tun 1988 ake ƙera Glock 19, kuma zubi na huɗu da ya fito a 2010 sifirin biyu ne a haɗe, na zubi na uku ba ya shiga.

Tsohon Kofur: Injiniya, wannan karatun littafi ne. Ka taɓa kwance bindiga cikin ƙura?

Injiniya: Baba Kofur, da girmanka, littafin nan waɗanda suka ƙera ta ne suka rubuta. Su suka ce kar a zuba mai a ramin allurar da ke dukan gindin harsashi, don yana tara datti har ta ƙi tashi.

Ɗan Auta: Ni dai gwafata ba ta taɓa cijewa ba 😂

Uwar Biyu: Ana wasa ana dariya, amma Malam Mai Lasisi ka kula: Glock sai an ja kunama take kwancewa. Cire magazin, ja murfi, duba ɗakin harsashi da ido da yatsa tukuna. In kuma ka ji ƙara mai rauni, kar ka sake harbi, wataƙila harsashi ya tsaya a bututu, na biyu zai iya fasa shi.

Mai Haƙuri: Kuma fa mai gyaran nan har yau bai ba ni haƙuri ba.

Mai Lasisi: Na gode Hajiya. Injiniya, zubi na uku ce. Wanda ya sayar min ya ce kwali ɗaya na harsashi kawai ya harba.

Dogo: Kwali ɗaya! Duk haka suke cewa.

Tsohon Kofur: Na taɓa ganin wadda aka ce sabuwa ce dal, na leƙa bututu na ga tsatsa, an shafe waje da mai yana ƙyalli. Mai sayarwa bai ko ji kunya ba.

Mai Haƙuri: Ai su da masu gyaran bakinsu ɗaya.

Mai Lasisi: To jama'a, sifirin fa?