Shin hawan jini ne ya jawo bugun zuciyar yayana, ko gado ne?

Assalamu alaikum. Ina roƙon likitoci su warware mini wani lamari da ya ɗaure mini kai. Yayana ya samu bugun zuciya yana da shekara 48, kuma an ce kitse ne ya toshe jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini, alhali ba ya shan taba, ba shi da ƙiba ko ciwon suga, sai dai hawan jinin da bai cika shan maganinsa ba. Mahaifinmu ma ciwon zuciya ne ajalinsa. Shin hawan jini kaɗai yana iya haddasa wannan toshewa, ko gado ne ya fi tasiri? Idan gado ne, wane gwaji ya kamata ni da ƙannena mu fara yi?