Wa ke biyan kuɗin gyaran hanyoyin babur ɗin ƙanƙara?

Babur ɗin ƙanƙara abin hawa ne da ke tafiya a kan dusar ƙanƙara, kuma galibin kuɗin gyaran hanyoyinsa daga aljihun mahaya yake fitowa. A Ontariyo ta Kanada, sai ka sayi takardar izinin OFSC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mahaya ta lardin, kafin ka hau hanya. A Kwibek ma haka ne, kuma kuɗin ya haɗa da inshora. Jihar Minesota ta Amurka kuwa tana haɗa kuɗin rajistar babura da wani kaso na harajin fetur, ta raba wa ƙungiyoyin sa-kai. A Finlan, hanyoyin hukuma kyauta ne, amma na gandun dajin gwamnati sai da izini.

Inda gizo ke saƙa shi ne shekarar da dusar ƙanƙara ta yi ƙaranci: cinikin takardun izini ya faɗi, alhali bashin motar gyara (wadda ke daidaita dusar ƙanƙara a kan hanya) da inshora suna nan daram. Shi ya sa aka ba da shawarar ware ajiya tun a shekarar albarka. A rubuta awannin aikin injin, a adana rasidin dizal, domin wani tallafin sai an kashe ake mayarwa. A yi gyara da dare, domin ƙanƙarar ta samu ta daskare. Ƙanƙarar da ba ta daskare ba, babura kan kwaɓe ta nan take, man ya tafi a banza.