Neman shawara: ina so in fitar da tukunyar gas daga motar da muke kwana a ciki, batir zai ɗauke mu?

Mai haƙar burtsatse, Anguwan Rogo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse, mu huɗu muke fita, ni da yarana uku. Aikinmu ya fi yawa a ƙauyukan Mangu, Bokkos da Pankshin, kuma idan dutse ya yi tauri sai mu yi kwana 10 ko mako biyu ba mu dawo Jos ba. Shi ya sa na sayi tsohuwar Coaster mai dizal, na cire kujerun, kafinta ya haɗa mana gadaje da ɗan teburin girki. A ciki muke kwana, a ciki muke dafa abinci da tukunyar gas mai kilo 12.5, tana yi mana wajen mako uku.

Abin da ya tayar min da hankali ya faru ne a watan Janairu, a wani ƙauye bayan Bokkos. Kun san sanyin can, mutum ba ya iya taɓa ruwan alwala da asuba. Ƙaramin cikin yaran ya kunna rishon gas ya bar shi yana ci don ɗumi, ya rurrufe tagogi, muka kwanta. Wajen ƙarfe uku na farka kaina kamar ana sara shi da gatari. Na taɓa yaron yana ta amai, ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, da ja na fitar da shi waje. Allah ya yi da sauran kwana. Amma ɗan mutane ne, mahaifiyarsa ce ta kawo min shi da hannunta.

Tun ranar ba na son ganin tukunyar nan a motar. Ina da tsofaffin batir biyu masu ruwa, 200Ah kowanne, da inbata ƙarama, ba fanel na sola ko ɗaya. Ina so in koma lantarki gaba ɗaya: girki, shayi, ɗan firiji, cajin waya, da abin ɗumama motar lokacin hunturu. Zai yiwu? Me zan saya, me zan bari? Don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya, kuɗin da zan sa na tara shi ne da guduma.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a shiga maganar batir bari in tsaya a kan yaron. Abin da ya same ku ba warin gas ba ne, hayaƙin da ba a gani ne, ana kiransa kabon monoksayid. Duk wutar da ke ci a rufaffen wuri tana fitar da shi idan iska ta yi ƙaranci, kuma ba shi da wari ko launi. Yana kama jini ya hana shi ɗaukar iskar numfashi. Ciwon kai, jiri, amai, kasala, sai a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa.

Ba gas kaɗai ba. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi da janareta a bakin taga duk hanya ɗaya suke kashewa. Na faɗa ne don kada ku cire gas, ran da sanyi ya matsa yaran su shigo da garwashi. Idan har yanzu yana ciwon kai ko mantuwa, ku kai shi asibiti ku faɗi abin da ya faru. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai batir da ke kuka idan hayaƙin ya taru. Ku rataye ta kusa da gadaje, ko da kun koma lantarki.

Mai haɗa sola, Bukuru:

Oga, sannu da jimami, Allah ya ƙara tsarewa. Bari in yi maka lissafin a fili, don in ka je kasuwa kada a juya ka.

Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen yunit 13 na wuta, irin yunit ɗin mita. Tukunyarka ta 12.5 ke nan wajen yunit 160. Kusan rabi yana bin gefen tukunyar girki ya tafi iska, rabi ne ke dafa abinci. Raba 80 a kwana 21, kullum kusan yunit 4 ke shiga abincinku. In za ka samo wannan daga batir, da asarar inbata da ta risho, ka sa yunit 5. Firiji na mota mai kwamfireso da fitilu da wayoyi su ci kamar yunit 1. Shida ke nan a yini.

Batir ɗinka biyu a takarda yunit 4.8 ne, amma batir mai ruwa rabinsa ake sha in ana so ya yi ƙarko, ga su kuma sun tsufa. Rishon lantarki ɗaya zai durƙusar da su kafin shinkafa ta tsotse. Kowanne ya kai kilo 60, kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, bai dace da inda mutane ke barci ba. Ka mayar da su gida.

Abin da ya dace da mota litiyam ne, kuma wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa. Mai bolt 25.6 da 200Ah yana riƙe yunit 5.12, kusan duka za ka iya sha, nauyinsa bai kai na ɗaya daga cikin tsofaffin ba, kuma yana jure caji sau dubbai. Fanel mai wat 550 tsawonsa kusan mita 2.3, faɗi 1.1. Rufin Coaster faɗinsa wajen mita 2 ne, don haka layi ɗaya za su jeru, uku in an matsa. Uku a rana mai kyau ta rani za su ba ka wajen yunit 6. Ka ga an zo kan gaɓa, ba rara.

Hitar ɗumama mota kuwa ka cire ta daga ranka. Mai wat 1500, awa 8, yunit 12 ne, batir biyu da rabi a dare ɗaya. Wanda ya ce zai haɗa maka haka a kan rufin bas kuɗinka yake so.

Mai haƙar burtsatse, Anguwan Rogo:

Injiniya na gode, amma ka kashe min jiki. Sanyin ne fa ya jawo komai. In hita ba ta yiwuwa, na koma inda na taso ke nan.

Mai haɗa sola, Bukuru:

A'a Oga. Jikin mutum za a ɗumama, ba ƙarfen mota ba. Bargon lantarki na mutum ɗaya wat 60 ko kusa da haka yake ci. Huɗu, dare guda, yunit 2 ne in an bar su a sama, in an rage bayan gado ya yi ɗumi bai kai haka ba. Sannan ka sa a liƙa soso ko katako a jikin motar daga ciki, da labule mai kauri a gilasai, don ta nan sanyi ke shiga. Wannan zai yi maka aiki da azahar ma, lokacin da motar ke zama tanda. Litiyam bai damu da sanyin Filato ba, sai an kai ga daskarewar ruwa ake hana masa caji. Zafi ne maƙiyinsa, kada a ajiye shi kusa da inji.

Hajiya mai abinci, Katako:

Ɗana, ni ban san yunit ba, tukunya na sani. 'Yata ta kawo min rishon nan mai gilashi da ke aiki da maganaɗisu, na ɗora tukunyar dalma ta ƙi ci, sai ƙara yake yi. Ashe sai tukunyar da maganaɗisu ke kamawa a gindi. Ka tafi kasuwa da ɗan maganaɗisun tsohuwar sifika a aljihu, wadda ya manne mata ita za ka saya. Kuma tuƙa tuwon mutum huɗu a kan gilashin nan wahala ne, tukunya na zamewa, ga tsoron fashewa.

Abin da na ga amfaninsa tukunyar firesha ce ta lantarki. Garin nan kan tudu muke, ruwa yana tafasa bai gama yin zafi ba, shi ya sa wake ke daɗewa fiye da Kano. A firesha kuwa ka jiƙa shi tun dare, da safe ka zuba ka rufe, ba ta cin wuta sai na ɗan lokaci, sauran tururi ne ke aiki. Shinkafa da wake, dankali, doya, faten acca, duk tana yi. Kuma ku daina girkin dare. Ku dafa na rana da na dare lokaci ɗaya sa'ad da rana ke tsaka, a zuba a kula. Ruwan shayin asuba ma a dafa da la'asar a sa a filas.

Mai haɗa sola, Bukuru:

Hajiya ta fi ni faɗa daidai. Girkin tsakar rana daga fanel yake sha kai tsaye, batir yana hutawa. Da firesha, yunit 5 ɗin nan na girki zai iya saukowa sosai, a nan ne bargunan za su samu wuri.

Tsohon direban tirela, Farin Gada:

Ni kam ban yarda a fitar da gas gaba ɗaya ba, kuma zan faɗi dalili. Na yi shekaru ina kwana a hanya. Abin da ba ka da madadinsa shi ne ke lalacewa ranar da ka fi nisa da gari. A Yuli da Agusta garin nan yana yin kwana uku ba a ga rana ba. Da hunturu kuma ƙura ke kwanciya a kan gilashin, balle ku da ƙurar dutse ke tashi daga ramin da kuke haƙa. In inbata ta ƙone a bayan Pankshin, mutum huɗu za su kwana da garin kwaki.

Laifin ba na tukunyar ba ne, na inda aka kunna ta ne. Ka sayar da babbar, ka sayi mai kilo 6. Mai walda ya yi mata akwatin ƙarfe a bayan motar, a waje, da huji a ƙasa, don gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake gangarawa in ya tsiyaya. Makullin a aljihunka. In za a yi tuwo a sauke ta a yi a fili. Ka duba shekarar da aka buga a wuyanta, hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta ce shekara 15 ne wa'adin tukunya. Tiyo da kan risho kuma a riƙa shafa musu ruwan omo, in ya yi kumfa akwai yoyo.

Sannan hanyar Bokkos ba falon gida ba ce. Duk abin da aka ɗaure da noti zai kwance. A kafe batir da ƙarfe, fanel kuma a yi masa firam da notin da ɓarawo ba zai kwance da sifana ɗaya ba.

Bakaniken wayarin mota, Dilimi:

Baba ya yi gaskiya. In ƙara da ɓangarena. Coaster mai dizal yawanci bolt 24 take, ka duba taka, in batir biyu ne a haɗe to haka ne. Wannan sa'a ce, sai ka yi komai a 24. Risho mai wat 2000 zai ja wajen am 90 daga batir (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), a bolt 12 kuwa ninki biyu ne. Am 90 ba wasa ba ne. Waya mai kauri, wadda ake kira 35mm (murabba'in milimita 35), ta jan ƙarfe ta gaske, gajera, da fiyus dab da kan batir. Na ga motar da aka yi wa haɗi da wayar gida, robar ta narke ta manne da kafet. Wuta a cikin bas da mutane ke barci, ko ta gas ce ko ta waya, duk ɗaya ne.

Kada wani ya jona maka litiyam kai tsaye da altaneta. Yana zuƙar wuta ba ƙaƙƙautawa har altaneta ta gasu. Akwai caja ta musamman da ake sawa tsakani, ana ce mata DC-DC, ita ke ƙayyade abin da zai wuce. Mai am 30 a bolt 24, tafiyar awa biyu za ta zuba maka wajen yunit ɗaya da rabi. Inbata kuma ta zama mai wuta lafiyayya irin ta NEPA, aƙalla wat 3000, kuma kada a kunna risho da firesha tare.

Wajen sayen batir ka yi hattara. Akwai waɗanda ake cika kwali da tsofaffin ƙwayoyi a liƙa sabuwar takarda. Ka ce a cika shi, a ɗora masa lodi a gabanka, a ga yunit nawa ya bayar kafin ya ɗauke. Wanda ya ƙi gwaji ka bar masa kayansa.

Tambaya ɗaya: ba ku tafiya da janareta na walda?

Mai haƙar burtsatse, Anguwan Rogo:

Muna tafiya da shi, kullum sai an kunna shi awa ɗaya ko biyu. Wallahi ban taɓa kawo shi a lissafi ba. Ke nan ranar hadari zan iya caji da shi, nesa da motar saboda gargaɗin da Anti ma'aikaciyar jinya ta yi.

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na tsayar. Gobe babbar tukunyar za ta bar motar, ƙaramar za ta koma akwatin waje irin na Baba. Na'urar hayaƙi da barguna da liƙa soso su ne farko, tun kafin hunturu. Kuɗina ba zai kai fanel uku da batir lokaci ɗaya ba, zan fara da batir da fanel biyu da firesha, rishon gilashi da firiji su jira aikin gaba. Yaron ya warke, amma ranar Litinin zan kai shi a duba shi, don ya ce min kansa yana yi masa nauyi wani lokaci.

Injiniya, caja mai sarrafa wutar fanel ɗin, in sayi wadda za ta ɗauki uku tun yanzu, ko in jira?

Mai haɗa sola, Bukuru:

Tun yanzu, Oga. MPPT mai am 60. Ka kawo motar in hau rufin da tef kafin ka biya kuɗin fanel, wasu Coaster ɗin suna da murfin iska a tsakiya.