Neman shawara: sanya kilt a ranakun aiki a Gilasgo

Ɗan Funtuwa: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A bikin wani abokin aikina a nan Gilasgo na yi hayar kilt, wato zanen ulu mai ninki a baya wanda mazan Sikotlan suke ɗaurawa ya tsaya a gwiwa. Na ji daɗinsa har ina so in ba da ɗinkin nawa in riƙa zuwa ofis da shi. Tambayoyina biyu ne ga wanda ya taɓa sanya shi a ranar da ba ta biki ba: yaya mutanen titi da na cikin bas suke karɓar baƙar fata a cikinsa, kuma shin tela zai yarda ya ƙara masa tsawo ya rufe gwiwa saboda salla?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kaya ne masu tarihi, don gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mutanen tsaunukan ƙasar sanya su a 1746, ba a soke dokar ba sai 1782, kuma martabarsu ta dawo sosai ne da Sarki George na Huɗu ya sanya kilt a ziyararsa ta Edinbara a 1822. Na asali yadi 8 na ulu yake ci. Nawa fam 480 na biya, na jira makonni kafin a gama, ban da jakar fata ta gaba da doguwar safa.

Mai Shayi na Dandi: Fam 480 ai almubazzaranci ne, Alhaji. A shagunan titin Royal Mile na Edinbara na ɗauki nawa fam 45, kuma har yau bai yage ba.

Baban Ummi: Malam, wannan ba ulu ba ne, zaren roba ne, kuma yawancin irinsu daga Siyalkot ta Fakistan ake kawo su saboda masu yawon buɗe ido. Ɗan ƙasa daga nesa yake gane bambanci, domin ninkin ba ya zama, iska kaɗan ce take ɗaga shi.

Injiniya a Abadin: Ku bar batun kuɗi, ku ji abin da ya same ni. Da rana ban taɓa samun matsala ba. Tsofaffi ma tsayar da ni suke yi su tambayi na wane dangi ne zanen, wata dattijuwa a tashar bas har ta gyara mini allurar da ake maƙalawa a gefe, ta ce na soke ta ta haɗe ɓangarorin biyu, alhali a na sama kawai ake sa ta. Dare shi ne abin tsoro. Wata Asabar ina dawowa daga liyafar wurin aiki, wasu da suka sha suka bugu suka kewaye ni suna tambayar ko akwai wando a ciki, kafin in ankara ɗaya ta kama bakin zanen ta ɗaga, wani kuma yana ɗauka da waya. Da gajeren wando a jikina, amma wulaƙancin bai bar ni na yi barci ba. Abin da ya fi ci mini rai ya biyo baya ne daga mutanenmu. Wani ɗan ƙasarmu ya tura hotona na liyafar zuwa zauren WhatsApp na unguwarmu, aka wayi gari ana cewa na je Turai na zama ɗan daudu. Mahaifiyata ta kira ni tana kuka, wan mahaifina ya daina amsa gaisuwata, maganar aurena ma sai da ta yi rawa. Yanzu yana cikin akwati, ban sake taɓa shi ba.

Maman Hanif: Allah ya saka maka, Yaya. Ɗaukar hoton ƙarƙashin tufar mutum ba da izininsa ba laifi ne a dokar Sikotlan tun 2010, kuma dokar ba ta ware maza ba. Da ka kai ƙara wurin 'yan sanda.

Malamin Makaranta, Kano: Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa take, kuma namiji ba ya kamanceceniya da mata a sutura. Maganar ta ƙare a nan.

Baban Ummi: Allah ya gafarta Malam, gani ya kori ji, kai kuwa ba ka taɓa taka ƙasar nan ba. A wurinsu wannan suturar maza ce zalla, sojoji ne ma suka fi shahara da ita. Tun 2012 akwai zanen da aka saƙa musamman domin Musulmin Sikotlan, kuma Humza Yousaf, wanda daga baya ya shugabanci gwamnatin ƙasar, da kilt ya yi rantsuwar shiga majalisa a 2016.

Malamin Makaranta, Kano: Ɗan siyasa ba hujja ba ne a fiƙihu, Alhaji, kuma ba sai na hau jirgi ba kafin in san inda gwiwa take.

Mai Shayi na Dandi: Ni dai shawarata, kada mai tambaya ya hau gadar North Bridge ta Edinbara da shi a watan Janairu, in ba haka ba iska za ta yanke hukuncin kafin malamai su gama.

Maman Hanif: Abin da Injiniya ya faɗa ya taɓo mini wani ciwo. Maigidana yana zuwa Juma'a da babbar riga da hula, Turawa su yaba, direban bas ma ya taɓa tambayarsa ko da hannu aka yi aikin wuyan. Amma 'ya'yan mutanenmu da aka haifa a nan sai su riƙa ja da baya a titi don kada a gan su tare da shi, iyayensu kuma ba sa tsawata musu. A Sallar bara ɗana ya ƙi sanya kaftaninsa saboda wani yaro ɗan gidan abokanmu ya ce masa rigar barci ce.

Injiniya a Abadin: Haka yake, Hajiya. A taron ƙungiyarmu na ƙarshe na kawo wannan maganar, aka ce a bari sai an gama lissafin kuɗin hayar zaure.

Ɗan Funtuwa: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ina jiran wanda ya taɓa tambayar tela batun ƙarin tsawon.