Balad ta hoto ko Balad ta mutane?

Muhawarar ta tashi ne a zauren Hausawan Jidda da Makka, bayan wani ya tura hoton tagogin katako na Balad, wato tsohuwar Jidda, da daddare, an haske su da fitilu.

Mai Kyamara: Jama'a, ga yadda Balad ta koma. Ni dai na ce masu yawon buɗe ido alheri ne ga wurin nan. Tun da UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, aka kuma buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019, ake ta tallafar gidajen da ke neman ruftawa. Ba don baƙi da kyamarorinsu ba, da rawashin ɗin nan, wato tagogin katakon, sun ruɓe.

Baffa: Ɗana, hoto ya yi kyau, amma ina mutanen? Balad ɗin da na sani akwai teloli a ƙasan benayen nan, ga Yamalawa masu shayi, ga matanmu da farantin gyaɗa wajen Bab Makka, ga shanya a kan tagogi. Kai ka jira sai da lungu ya yi wayam sannan ka danna. Bango ka ɗauko mana.

Hajiya Babba: Yaya, a yi wa yaron nan adalci. Mu ma haka muka taso muka gani. Alhaji zai shiga shagon hoto ya tsaya gaban kyallen da aka zana Ka'aba, ko ya hau raƙumin da aka yi wa ado a Arfa, ya kai gida a rataye a falo. Wa ya taɓa ce masa maƙaryaci? Shaida yake so cewa ya zo.

Baffa: Kyallen ba ya korar kowa daga gidansa, Hajiya. Ana gamawa ake naɗe shi.

Malam: Ni abin da ya fi damuna Al-Ula ne, yankin da Hijr take, can arewa da Madina. A hanyar Tabuka Manzon Allah (SAW) ya ratsa ta Hijr, ya ce kada a shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai ana kuka. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Yau buɗe Instagram ka gani, an ci kwalliya ana murmushi a ƙofar kabari.

Mai Kyamara: Allah gafarta Malam, rubutun da ke jikin kaburburan nan sama da 100 na Nabatawa ne, mutanen da suka sassaƙa Petra a Jodan, yawancinsa na ƙarni na 1 Miladiyya. Hijr ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta amince da shi, a 2008.

Malam: Ban yi gardamar rubutu ba. Sunan kwarin dai Hijr. Ladabin shiga nake magana a kai.

Direba: Ku bari in sa baki, don ni nake ɗaukarsu. Baƙo zai shigo mota ya miƙo mini waya ya ce nan zan kai shi. Kusan kowa hoto ɗaya ne: Dutsen Giwa na Al-Ula dab da magariba. Idan hasken bai yi ja kamar na wayarsa ba, sai ka ga ransa ya ɓaci, kamar dutsen ne ya yi masa laifi. An haƙa wuraren zama a cikin yashi suna fuskantar dutsen daidai inda hoton ke fita. Maraya kuwa, ginin madubin nan, in kana tsaye gabansa kanka kake gani da duwatsu a bayanka. Amma Baffa, tsohon garin Al-Ula na laka ba baƙi suka kori mutanensa ba. Su suka koma gidajen zamani, na ƙarshensu wajen shekarun 1980. Da an bar shi, da ruwa ya narkar da shi. Kuma da kuɗin baƙin nan nake biyan haya.

Baffa: Allah ya ƙara buɗi, ba na hassada da abincinka. To amma unguwar Sabil fa? Karantina fa? Tsakanin 2021 da 2022 aka rushe su, ga su nan kusa da Balad. Can muka aurar da 'ya'ya, can muka yi suna, can ake samun tuwo da miyar kuka kamar kana Kano. Ba su da tagar da za ta burge baƙo, don haka ba wanda ya zo da kyamara.

Hajiya Babba: Ina da hotunan bikin ƙanwata a Karantina, har layin gidanmu ya fito. Suna cikin akwati, wasu sun fara mannewa.

Mai Kyamara: Kada ki ɓanɓare su da hannu, Hajiya, za su yage. Zan zo ranar Juma'a bayan la'asar in kwafe su, in sha Allah.