Okid ɗin da na dasa a inuwa ganye kawai take yi, fure shiru

Ummu_Haidar:
Slm jama'a, don Allah masu sanin harkar furanni ku taimaka min da shawara. Inda nake zaune hunturu mai tsanani ake yi har ƙanƙara na sauka, shi ya sa da na ji akwai furannin okid da ake dasawa a ƙasa a waje kuma suna jure sanyi suna son inuwa sai na sayi Bletilla striata guda biyar da Cypripedium guda ɗaya, wannan mai fure kamar takalmi ɗin. Na dasa su ƙarƙashin wata babbar bishiya bayan gida. Shekara biyu kenan Bletilla sai ganye kawai, kore shar amma ko alamar fure babu, ita kuma Cypripedium bayan hunturun farko ba ta sake fitowa ba, da na tona sai na tarar saiwar ta yi baƙi ta ruɓe har wari take. Sanyi ne ya kashe ta ko ni ce na yi kuskure? Ƙasar wurin yumɓu ce mai danƙo idan hakan zai taimaka.

Baban_Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai kin ba da amsar da kanki a jimlar ƙarshe. Ba sanyi ba ne ya kashe ta, ruwa ne. Cypripedium sanyi ma take nema, sai ta samu kamar wata uku tana barci cikin sanyi ƙasa da digiri 5 kafin ta yarda ta tsiro da kyau. Abin da ba ta ɗauka shi ne ta kwana cikin laka, kuma yumɓu idan ya sha ruwan hunturu riƙe shi yake kamar kasko.

Nima haka na yi asarar ta farko, na haƙa rami mai zurfi na zuba takin dabbobi wai ina mata gata, ashe kabari na haƙa mata. Saiwarta ba ƙasa take nutsawa ba, shimfiɗuwa take a kwance kusa da sama. Yanzu abin da nake yi, ina ɗaga wurin ya ɗan yi tudu, in haɗa tsakuwa ƙanana da yashi mai kauri da ɗan ruɓaɓɓen ganye kaɗan, in baza saiwar kamar yatsun hannu a buɗe, idon da zai tsiro kuma kar ya wuce santimita 2 zuwa 3 a ƙarƙashin ƙasa. Ki gwada kafin ki dasa, ki zuba bokitin ruwa a wurin, idan ya tsaya yana kallonki to ki canza wuri. In za ki sake saye ki nemi irin da aka haɗa aure kamar Gisela, sun fi na asali haƙuri da sabon shiga.

Zee_Fure:
Maganar Baba gaskiya ce amma ni ina ganin matsalar Bletilla daban ce. Anti wannan kalmar "mai son inuwa" ita ke yaudarar mutane wlh. Inuwa iri iri ce ai. Bletilla tana son ranar safe ta taɓa ta na wasu awanni sannan ta huta daga ranar tsaka, idan kika sa ta can cikin duhun bishiya za ta rayu amma ganye kawai za ki ta gani. Ga kuma saiwar bishiyar na shanye mata ruwa da abinci lokacin zafi. Tawa a gefen katanga take ta gabas, ƙarshen Mayu zuwa Yuni take fitar da furanni jaja-jaja masu ruwan shunayya, kuma duk shekara ƙaruwa take. In dole sai wannan wurin mai duhu kike so ki cika, ki nemi Calanthe discolor, ta Japan ce, ita ta fi jure inuwa sosai.

Malam_Shuka:
Akwai abu ɗaya da ba a ambata ba. Bletilla tana da gaggawa, da ɗumi ya ɗan leƙo sai ta turo kai, kuma furen yana naɗe ne a cikin wannan tsiron na farko. Dare ɗaya na sanyi mai daskarar da raɓa ya isa ya ƙona shi, ganye ya fito daga baya kamar ba abin da ya faru, ke kuma ki zauna jiran fure har shekara ta ƙare. Ki duba bakin ganyen, idan kin ga ya yi ruwan ƙasa kamar an ɗan babbaka shi to shi ne. Maganinsa ki lulluɓe wurin da busassun ganye lokacin hunturu, idan kuma an ce za a yi sanyi da dare bayan ta tsiro ki kifa mata bokiti, da safe ki ɗauke.

Sannan dodon koɗi, musamman wanda ba shi da kwanso, yana son sabon tsiron Cypripedium kamar me, ki riƙa zagayawa da tocila da daddare. Taki kuma kwata na abin da aka rubuta a jikin roba ya ishe su.

Don Allah kuma kowa ya tambayi mai sayarwa ko a gandu aka raine su. Tonowa daga daji ne ya kusa ƙarar da Cypripedium calceolus a Ingila har ya rage tushe ɗaya tak a yankin Yorkshire, kuma duk dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasa da ƙasa kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, idan za a tsallaka da su iyaka.

Ummu_Haidar:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na fita yanzu na duba, bakin ganyen lafiya lau ba ƙuna, don haka ina ga maganar Zee ce, wurin rana ba ta shiga ko kaɗan. Yaushe ya kamata in cire su in mayar gefen katanga, yanzu ko in jira?

Zee_Fure:
Ki jira Anti, sai ganyen ya yi rawaya ya bushe da kansa, a lokacin ta gama tara abinci a dunƙulen saiwar. Ki tono da ƙasarta a hankali kar ki karya, zurfin kamar santimita 5, kuma kar ki damu in shekarar farko ta yi miki fushi ba ta yi fure ba, tawa ma sai a ta biyu ta saki jiki.