Neman kalmar Hausa: me za mu kira matsin da ya wuce kima a cikin bindiga?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshe da aikin fassara.

Kalmomin da nake so mu tsayar da magana a kansu su ne waɗanda Turawa suke cewa overpressure, wato matsin da ya wuce kima a cikin bindiga, da pressure signs, wato abubuwan da ake gani a jikin kwanso masu nuna hakan, waɗanda suka cika rubuce-rubucen masu ɗurin harsashi da hannu a Amurka da Turai. Mutanen nan sukan ɗauki kwanson da aka riga aka harba, su sa masa sabon makunni, wato ɗan abin da yake kunna albarushi idan an doke shi, su auna albarushi su zuba, su dasa kan harsashi a bakinsa, kuma dokar ƙasashensu da dama ta yarda musu. A Nijeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko harhaɗa shi in ba a wuraren da hukuma ta amince da su ba, irin masana'antar ƙera makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, saboda haka ba koyar da wannan sana'a ne nufina ba. Sai dai hatsarin da kalmomin suke nuni gare shi ba baƙo ba ne a Kano, garin da yake da maharba da 'yan sintiri, da kuma 'yan bindiga masu harbi a ranakun hawan Sallah. Idan bindiga ta fashe a hannun wani, abin da akan ji a rediyo shi ne "ta fashe" kawai, domin babu kalmar da mai labari zai kama dalilin da ita.

Abin da ake nufi shi ne wannan. Idan aka ja kunama, allurar bindiga takan doki makunnin da ke gindin kwanso, albarushi ya ƙone cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya zama iska mai zafi wadda take tunkuɗa ta kowane ɓangare: tana tura kan harsashi gaba, tana manna jikin kwanso da bangon mazauninsa, tana kuma danna gindinsa a fuskar sakatar bindiga, wato ƙarfen da yake kulle harsashi ta baya. Wannan tunkuɗa ana auna ta, kuma tana da iyaka. Ƙungiyar SAAMI ta masana'antun makamai a Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta tsayar da iyakar harsashin .308 Winchester a fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, na .30-06 kuma fam 60,000. Mai faci a bakin titi fam 30 zuwa 35 yake bai wa tayar ƙaramar mota, wato abin da ke faruwa kusa da fuskar maharbi ya kusa ninka wannan sau 2,000. Abin da ke tare iskar daga baya kuwa kwanso ne na tagulla, haɗin kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, kuma ya fi ƙarfen bindiga laushi nesa ba kusa ba.

A kan kalmar farko, wato overpressure, 'yan uwa sun kawo shawarwari uku, kuma kowace tana da hujjarta. Wani ɗan uwa ya ce mu bar ta a firesha, tunda kanikawa da masu faci sun riga sun karɓe ta. Ban ƙi aro ba, domin albarushi ma aro ne, harsashi ma haka. Amma firesha a bakin Bakano ta zauna a kan taya da famfon wankin mota, kuma ba ta ɗauke da ma'anar wuce iyaka, wadda ita ce zuciyar maganar. Wani kuma ya ce matsin lamba. Malam, da girmamawa nake cewa wannan ta riga ta zama ta siyasa da zaman jama'a. Idan aka ce matsin lamba ya fasa bindiga, mai sauraro zai ɗauka wani ne aka takura wa. Ta uku ita ce ƙarfin albarushi, wadda ta fi sauran daɗin faɗi, ta kuma fi su hatsari, domin tana ɗora laifin duka a kan albarushi, alhali matsi yakan hau ko da ba a ƙara ƙwaya ɗaya ba. Kwanson da ya yi tsawo yakan maƙure kan harsashi ya hana shi fita da sauƙi, kan harsashin da ya zurma ciki da yawa yakan rage wa iskar wuri, taɓo ko tsumma a bututu yakan toshe mata hanya gaba ɗaya. Zafin rana ma yana cikin dalilai, kuma mu da muke ganin ma'aunin zafi ya haura 40 a watan Afrilu ya kamata mu fi kowa sanin haka. Kamfanonin Ingila da suke yi wa maharban Afirka da Indiya harsashi sun kasance suna rage albarushin kodayit, wani nau'in albarushi mara hayaƙi, a cikin wanda za a kai ƙasashe masu zafi, kuma harsashin .416 Rigby na 1911 an yi masa babban kwanso ne domin matsinsa ya tsaya ƙasa a irin yanayinmu.

Ni abin da nake gani shi ne mu ce matsi ga asalin kalmar, wato pressure, sannan hawan matsi ga wanda ya wuce kima. Bahaushe ya riga ya san hawan jini: ya san abu ne da ake aunawa da na'ura, ya san yana da adadin da bai kamata ya wuce ba, ya kuma san yakan daɗe yana ɓarna kafin mai shi ya ji wani abu a jikinsa. Duk waɗannan ukun gaskiya ne a kan bindiga, kuma kalmar za ta shigo da su kunnen mai sauraro ba tare da dogon bayani ba.

Kalma ta biyu, wato pressure signs, ita ce ta fi damuna, domin akwai wanda ya ba da shawarar mu ce gargaɗin matsi. A nan nake roƙon a dubi abubuwan da idon basira. Makunni sabo gefensa a zagaye yake, akwai ɗan siririn kwari tsakaninsa da bakin ramin da yake zaune a ciki. Idan matsi ya hau, sai a tarar ya baje ya shafe kwarin nan, ya yi daidai da gindin kwanso kamar an goge shi. Wani lokaci gurbin da allura ta doka yakan yi tudu a kewaye, wanda farce yake kamawa idan aka shafa, wani lokacin ma yakan huje, baƙin hayaƙi ya fito ta wurin. A gindin kwanso, inda aka buga sunan kamfani da lambar harsashi, akan ga wani ɗan da'ira mai sheƙi ko shafe kamar an karce, wanda ke nuna tagullar ta yi laushi a ƙarƙashin matsi har ta kutsa cikin ramin matunkuɗin da ke fuskar sakata, wato ɗan ƙarfen da yake cillo kwanso waje bayan harbi. Sannan sakatar da ake ɗagawa da yatsa biyu sai ta cije, sai an sa tafin hannu. Idan abin ya yi nisa, ramin makunni yakan buɗe har makunnin ya faɗo da kansa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayan harbi ake ganinsa. Ƙwararru a wannan fanni sun sha nanata cewa tagulla ba ta fara nuna komai sau da yawa sai matsi ya riga ya haura iyakar da aka tsayar, kuma kwanso yana iya fitowa sumul alhali an wuce iyakar. Shi ya sa masana'antu ba su dogara da kallon kwanso ba: a da suna auna yadda matsi yake tauye ɗan guntun jan ƙarfe, yanzu kuma da na'urar lantarki suke aunawa, masu ɗurin hannu kuwa sukan duba gudun harsashi da na'ura, domin gudun da ya zarce wanda littafin awon albarushi ya rubuta shi ma shaida ne. Akwai kuma akasin haka, wato alamar da take bayyana ba tare da matsi ya hau ba, kamar makunnin da ya baje saboda kwanso yana da sarari a mazauninsa, ko tudun da ya fito saboda ramin allura ya yi faɗi. Gargaɗi kuwa a Hausa kafin aukuwar abu ake yin sa, kuma wanda aka yi wa gargaɗi yana da sauran lokaci. Idan muka ce gargaɗin matsi, mun gaya wa mutum cewa muddin bai ga komai ba lafiya lau yake, idan ya gani kuma da sauran dama, kuma duka biyun ba gaskiya ba ne. Alama ba ta yin wannan alkawari, shi ya sa na tsaya a kan alamomin hawan matsi.

Akwai abin da ya sa maganar ta fi nauyi a wurinmu. Bindigar gargajiya da ake ɗurawa ta baki ba ta da kwanson da za a ciro a duba, saboda haka ba ta barin wa mai ita irin waɗannan alamomi. An yi ta ne domin baƙin albarushi mai hayaƙi, shi kuwa albarushin zamani mara hayaƙi, wanda Paul Vieille ya fara samarwa a Faransa a 1884, matsinsa ya fi ƙarfin irin wannan bututu. Wanda ya fasa harsashin zamani ya juye albarushinsa a bindigar gargajiya ya jefa hannunsa da idonsa da na maƙwabcinsa a sahu cikin halaka. Wannan bayani ne da ya kamata ya isa kunnen maharbi da harshensa, a rediyo ko a taron ƙungiyarsu.

Sauran kalmomin da na yi amfani da su a sama, wato makunni da sakata da mazaunin harsashi da matunkuɗi, ina ganin za su zauna ba tare da gardama ba, musamman sakata, wadda aikinta a bindiga bai bambanta da aikinta a ƙofa ba. Ga yadda jimla za ta fito a bakin mai karanta labarai, domin a gwada ta a kunne kafin a yanke hukunci: "Masu bincike sun ce hawan matsi ne ya fasa bindigar, sakamakon taɓon da ya toshe bututunta, kuma sun ga alamomin hawan matsin a jikin kwanson da aka tsinta a wurin."